Modam na gabana amma shafinsa ya ƙi buɗewa, ina mafita?

Mai Kafe Agege: Assalamu alaikum jama'ar gida. Masana na'ura ku taimaka min, abin nan ya kai ni maƙura. Ina da shago a Agege, ana buga takardu da hoto, kuma ina sayar wa 'yan layinmu katin wayafai. Layin faiba ne aka ja min, modam ɗin Huawei ne mai rami huɗu, daga shi kebul ya shiga rautar MikroTik. Kusan sati biyu ke nan sabis yana yankewa, ya ɗauke minti biyu uku ya dawo, wani lokaci jar fitilar nan da aka rubuta LOS ta yi ƙiftawa. Na kira kamfanin da suka ja min layi ya fi sau biyar, kullum maganarsu ɗaya, wai a wajensu komai lafiya. Wani ya ce in shiga shafin modam in duba ƙarfin hasken da yake samu, in ɗauki hoto in tura musu. A takardar da ke manne a bayansa an rubuta 192.168.100.1. Na rubuta a burauza, ya yi ta juyawa har ya gaji. Intanet kuwa na aiki, da shi nake rubuto muku wannan. Yaya za a yi in kai Amurka amma in kasa kai wa akwatin da ke rataye a bangon shagona?

Baba Na Alaba: Wa alaikumus salam. Yaro, akwai ɗan rami ƙarami a bayansa. Nemi tsinken sakace ka danna ka riƙe har fitilun su mutu. Shekara nawa muna sayar da kayan nan, babu wanda bai jin wannan maganin.

Injiniyan Ikeja: Baba, da girmanka, a bar wannan tsinken. Don Allah Mai Kafe kada ka taɓa ramin nan. Modam na faiba ba irin ƙaramin nan na aljihu ba ne da ake saka wa sim. Akwai saitin da kamfani ya zuba masa, in ka goge wani yana dawo da kansa, wani kuwa sai sun turo mutum, kuma ka san turo mutum a Legas. Yanzu sabis ɗinka yana ɗingishi, in ka danna sai ya kwanta gaba ɗaya.

Baba Na Alaba: To, ku ne 'yan boko. Na janye.

Hajiya Mile 12: Ni dai nawa 192.168.8.1 nake sawa ya buɗe nan take, a can nake ganin saƙon data. Ka gwada shi mana.

Injiniyan Ikeja: Hajiya naki na sim ne, su Huawei na 4G da wannan lambar suke zuwa. Na faiba ɗinsu yawanci 192.168.100.1 ne. TP-Link kuma za ki ga 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, MikroTik 192.168.88.1. Kowa da ƙofar gidansa. Mai Kafe, abu biyu nake so. A laftof ɗinka buɗe baƙin allon nan na cmd ka rubuta ipconfig ka faɗa min abin da ke gaban IPv4 da gaban Default Gateway. Sannan ka rubuta tracert -d 192.168.100.1 ka kwafo mana abin da ya fito.

Mai Kafe Agege: Na yi Oga. Na farko 192.168.88.23, na biyu 192.168.88.1. Ɗayan kuma layi na ɗaya 192.168.88.1, layi na biyu wata lamba ce mai farawa da 100.64, daga nan sai taurari kawai yake jerawa har ƙasa.

Injiniyan Ikeja: Madalla, ga ɓarawon nan mun gan shi. Wanda ya haɗa maka ya sa modam a saitin gada, wato ba shi ke karɓar intanet ba, miƙa layi kawai yake yi, rautarka ce ke kiran kamfani da suna da kalmar sirri ta hanyar PPPoE. Saiti ne mai kyau, ni ma haka nake yi wa mutane. Amma ga abin da yake jawowa. PPPoE kamar doguwar motar nan ce da ake lodi a Agege za ta Kano, in an rufe ƙofa ba ta tsayawa sauke kowa a Abule Egba. Rautarka gida ɗaya ta sani, 192.168.88, duk saƙon da adireshinsa ba na gidan ba sai ta jefa shi cikin doguwar mota. Saƙonka na modam ma haka ta yi masa. Ya bi ta cikin modam ɗin a ƙunshe, ya wuce shi, ya sauka a wajen kamfani. Lambar nan mai 100.64 tasu ce, tana cikin rukunin da aka ware wa kamfanonin intanet tun 2012 don su raba wa kwastomomi da yawa adireshi ɗaya na waje. Su kuma da suka ga 192.168 sun san lambar cikin gida ce, tun 1994 aka keɓe ta tare da masu farawa da 10 da kuma 172.16 zuwa 172.31, ba a yawo da su a intanet. Sai suka yar. Taurarin da ka gani ke nan.

Ɗan Obalende: Oga Injiniya ni fa ban yarda ba. Kamfanonin nan rufe shafin suke yi da gangan don kada mutum ya ga asirinsu. Na gidan yayana a Surulere mun yi duk dabarar duniya bai buɗe ba. Kada ku wahalar da bawan Allah.

Ɗalibar Akoka: Yaya na Obalende, ana rufewa kam, amma ai ba sai an yi gardama ba, gwaji ne na minti biyar. Malam Mai Kafe ka ce modam ɗin rami huɗu ne da shi. Bar na rauta a inda yake don kada kwastomominka su yanke. Samo wani kebul ka haɗa laftof kai tsaye da rami na biyu, ka kashe wayafai na laftof ɗin, ka sake ipconfig.

Mai Kafe Agege: Sai da na hau kujera, can sama aka kafe shi kusa da silin. Yanzu lambar ta canza, 169.254 da wani abu. Shafin bai buɗe ba.

Ɗan Obalende: Ba na faɗa ba?

Ɗalibar Akoka: Tukuna dai. Wannan 169.254 laftof ce ta raɗa wa kanta saboda ta nemi a ba ta adireshi babu wanda ya amsa. An kashe rabon adireshi a modam ɗin, shi ke nan. Shiga saitin katin kebul ka rubuta da hannunka: adireshi 192.168.100.10, na ƙasansa 255.255.255.0, wurin ƙofar fita, wato Default Gateway, ka bar shi fayau. Sai ka rubuta http://192.168.100.1 cikakke, da http ɗin a gaba.

Mai Kafe Agege: Allahu Akbar, ya buɗe! Ga wurin suna da kalmar sirri. Na sa na jikin takardar ya shiga. Malama Allah ya ba da sa'ar karatu.

Baba Na Alaba: Yarinyar nan 'yar gidan wa ce? Allah ya yi albarka.

Ɗan Obalende: To na wannan ba a rufe ba. Namu dai a rufe yake, ina nan kan bakana.

Ɗalibar Akoka: Amin Baba, na gode. Malam ka nemi inda aka rubuta Optical Information, ka karanto mana lambar Rx, wato ƙarfin hasken da modam ɗin yake karɓa.

Mai Kafe Agege: An rubuta -26.8 dBm. Na sabunta shafin ya koma -27.4. Mai kyau ne ko marar kyau? Na ga lambar tana ƙaruwa, na ɗauka ƙarfi yake yi.

Injiniyan Ikeja: Akasin haka ne, kula da alamar ragin da ke gaba. Duk sanda lambar ta girma haske raguwa yake yi, kuma ba kaɗan-kaɗan ba, kowane 3 da aka ƙara rabin hasken ya tafi. Irin waɗannan modam an ƙera su su yi aiki tsakanin -8 zuwa wajen -27. Kai kana zaune a bakin rijiya ne, iska kaɗan ta kaɗa ka faɗa. Shi ya sa in ka kira su suke cewa lafiya, a daidai lokacin ka leƙo sama. Ni in na haɗa wa mutum ba na barin wurin sai na ga yana da 'yar tazara mai kyau daga 27 ɗin nan.

Mai Kafe Agege: To ai matsalar ke nan. Yankewar ba ta da lokaci, ta fi yawa da yamma lokacin da shago ya cika. Ba zan iya hawa kujera da laftof a hannu kullum ba, jiya ma saura ƙiris in faɗo kan injin hoto. Ina so in riƙa gani daga teburina, in ya yanke in ɗauki hoto nan take. Ba yadda za a yi rautar ta san hanya?

Injiniyan Ikeja: Akwai. Mayar da laftof yadda take, ta koma karɓar adireshi da kanta. Buɗe Winbox, manhajar saita MikroTik, shiga New Terminal ka rubuta wannan daidai:

/ip address add address=192.168.100.2/24 interface=ether1

Ka ba rautar ɗaki a layin su modam ke nan. Daga yanzu in ta ga saƙon 192.168.100 ba za ta saka shi a motar Kano ba, za ta miƙa shi ta ƙofa. Amma ka tabbatar kebul ɗin modam a ether1 yake.

Mai Kafe Agege: Na bi ta tagar IP da Addresses saboda tsoron rubutu. Na sa lambar. Har yanzu shiru.

Injiniyan Ikeja: Wane suna ka zaɓa a wurin Interface?

Mai Kafe Agege: pppoe-out1. Na ga shi ne na intanet.

Injiniyan Ikeja: Haba Alhaji, ka sake kai kayan cikin motar da muke gudu. Canza shi zuwa ether1, ramin ƙarfen da kebul yake ciki. Ko da ka ga wani mai suna vlan a jerin kada ka zaɓe shi, shafin modam ba ya bi ta nan. In ka gyara, a cikin wannan allon na Winbox rubuta ping 192.168.100.1, wato a yi wa modam sallama a ji ko zai amsa.

Mai Kafe Agege: Yana amsawa! Layi-layi yana saukowa, babu wanda ya ɓace. Amma daga laftof in na yi ping ɗin sai Request timed out. Burauza ma haka. Wannan kuma wane irin aljani ne?

Injiniyan Ikeja: Ikon Allah. To duba katangar tsaro ta rautar, wataƙila akwai dokar da ke tare shi. Turo hoton IP, Firewall, Filter Rules. Ko kuma Windows ɗinka ce, kashe tata katangar na minti ɗaya mu gani. Kana da VPN a kunne?

Mai Kafe Agege: Babu VPN, na cire shi tun bara. Na kashe ta Windows, babu canji. Ga hoton.

Ɗan Obalende: Ku ci gaba, ina nan ina shan shayina.

Ɗalibar Akoka: Oga Injiniya, a yi min afuwa in sa baki. Na duba hoton, ban ga dokar da za ta tare shi ba. Ni a ganina saƙon yana isa, amsar ce ba ta dawowa. Da rauta ta yi ping, da sunan 192.168.100.2 ta yi sallama, modam ya ga ɗan layinsu ne ya amsa. Da laftof ta yi, saƙon ya iso da sunan 192.168.88.23. Modam ya karɓa, ya rubuta amsa, ya duba ina ne 88? Bai sani ba. Shi a saitin gada ba shi da ƙofar fita da zai miƙa wa abin da bai sani ba, kuma babu wanda ya gaya masa cewa 88 na bayan rauta. Sai ya ajiye. Kamar ka aiko yaro da takarda gidanmu, mun karanta, amma adireshin da ka rubuta na amsa unguwa ce da ba mu taɓa jin sunanta ba. Malam ka turo hoton shafin NAT, wanda ke kusa da wancan.

Mai Kafe Agege: Ga shi. Dokoki na katin wayafai ne da yawa, sai ɗaya mai masquerade da aka rubuta pppoe-out1.

Injiniyan Ikeja: Wallahi gaskiyarta. Na sha'afa, saboda saitin da MikroTik ke zuwa da shi daga kwali yana rufa wa ether1 wannan mayafin na masquerade tun asali, shi ya sa ni a nawa layi ɗaya ke isa. Wanda ya yi maka aiki ya share na kwali ya gina nasa, ya ɗaura dokar a kan PPPoE kaɗai. Malama na sara miki. Rubuta masa da kanki.

Ɗalibar Akoka: A'a Oga, a wajenku muke koya. Malam, wannan karon ka kwafa ka manna, kada ka bi ta taga:

/ip firewall nat add chain=srcnat out-interface=ether1 dst-address=192.168.100.1 action=masquerade

Abin da zai yi shi ne duk saƙon da zai je wajen modam rauta za ta goge sunan mai aikowa ta sa nata. Modam zai ɗauka maƙwabciyarsa ce ke magana, ya ba ta amsa, ita kuma ta san wanda za ta miƙa wa. Kada ka taɓa tsohuwar dokar, ita ke riƙe da intanet ɗin shagon.

Mai Kafe Agege: Ping ya amsa daga laftof! Amma Chrome ya ce wai shafin ba shi da tsaro, ya ƙi wucewa.

Ɗalibar Akoka: Ya ƙara maka s ne a kan http. Goge ka rubuta http:// da hannu, ko ka danna ci gaba in ya ba ka zaɓi. Kuma ka mayar da katangar Windows da ka kashe ɗazu.

Mai Kafe Agege: Alhamdulillahi. Ina zaune a kujerata ga shafin a gabana. Har a wayata ya buɗe.

Hajiya Mile 12: Ni duk ban gane rabin abin da kuke faɗa ba amma na ji daɗi. Tambaya: ɗana yana ta matsa min in sayi Starlink saboda na'urorin cire kuɗi da nake da su a kasuwa, shi ma haka za a yi ta wannan wahalar?

Injiniyan Ikeja: Hajiya in da rautarsu za ki yi amfani babu ruwanki da wannan, manhajar waya na nuna komai. Sai in an cire tasu an sa wata. Abin dariyar, farantin nasu ma 192.168.100.1 yake amsawa, don haka masu sa rautar kansu suna yin irin wannan aikin na nuna hanya. Tun farkon 2023 da suka shigo Najeriya na yi wa mutane da dama. Amma don na'urar cire kuɗi kaɗai kuɗin ya yi yawa, ki zo ta gefe mu yi lissafi.

Admin: Maganar Starlink a buɗe mata nata zaren don Allah, kada a cakuɗa.

Ɗan Obalende: Tsaya Mai Kafe. Ka ce a wayarka ya buɗe. Wayar tana kan wane wayafai, naka na shago ko na masu sayen kati?

Mai Kafe Agege: Na masu kati. Me ya faru?

Ɗan Obalende: To ka buɗe wa duk ɗan layinku ƙofa ke nan. Duk yaron da ya sayi katin awa ɗaya zai iya isa shafin modam ɗinka, kuma kalmar sirrin da ke kan takardar nan ba wani sirri ba ne, wasu samfurin duk iri ɗaya suke zuwa da ita. Ka san yaran Agege da ƙiriniyar waya. Ɗaya ya shiga ya danna abin da Baba ya ce a danna da tsinke, daga gadonsa.

Baba Na Alaba: Ni kuma an dawo kaina.

Injiniyan Ikeja: Yau Ɗan Obalende ya biya kuɗin shayinsa. Gaskiya ne. Masu katinka wace lamba suke samu? In ba a canza ba 10.5.50 ne.

Mai Kafe Agege: Eh, wayata 10.5.50.41 ta nuna.

Injiniyan Ikeja: To manna wannan:

/ip firewall filter add chain=forward src-address=10.5.50.0/24 dst-address=192.168.100.1 action=drop

Bayan ka sa, ja ta da linzami zuwa sama, gaban dokokin da ke cewa accept, don rauta daga sama take karantowa kuma ta farko da ta dace ita take bi. Sannan ka canza kalmar sirrin modam ɗin, ka rubuta a littafin shago.

Ɗan Obalende: Ni har yanzu ina ganin duk wannan gadar wahala ce. A bar modam ya yi kiran da kansa, rauta ta karɓa daga gare shi, shafin zai buɗe ba tare da ko layi ɗaya ba.

Injiniyan Ikeja: Zai buɗe kam, don lokacin modam ne ƙofar fitar rauta. A gida mai mutum biyar ni ma haka zan bari. Amma shago mai mutum talatin arba'in a lokaci ɗaya, ka ɗora wa ƙaramin akwatin nan riƙe lissafin kowa, ga zafin silin ɗin kwano, za ka ga yana suma da rana. Kuma saƙo zai riƙa canza suna sau biyu a cikin shago kafin ya je wajen kamfani su canza na uku.

Ɗan Obalende: Sau biyu ko sau uku, mai kallon bidiyo bai san an yi ba.

Injiniyan Ikeja: Mai kallon bidiyo bai sani ba, mai son leƙa kyamarar shagonsa daga gida zai sani. Ko da yake shi Mai Kafe tunda 100.64 suke ba shi, wannan ƙofar a rufe take ko ta wace hanya, sai ya nemi adireshin kansa a wajensu. Nan kam na ba ka rabi.

Mai Kafe Agege: Jama'a ga labari. Bayan la'asar ina kallon shafin, yarona ya buɗe ƙofar kabad ɗin da muke ajiye takarda, a idona lambar ta tashi daga -26.9 ta koma -29, sabis ya ɗauke. Ya rufe, ta dawo. Na ce sake buɗewa, ta sake faɗuwa. Ashe siririn kebul ɗin nan rawaya ya bi ta bayan kabad, duk sanda aka buɗe ƙofar sai ta matse shi da bango ta lanƙwasa. Sati biyu da suka wuce muka matsar da kabad ɗin wurin saboda ruwan da ke shigowa ta ƙofa. Da yamma kuma aka fi ɗiban takarda.

Baba Na Alaba: Ka ga, da ka zagi mutane a banza.

Mai Kafe Agege: Baba ban zage su ba, a zuci ne kawai.

Ɗalibar Akoka: Zare ne na gilashi a ciki, ba ya son lanƙwasa mai kaifi, hasken tsiyayewa yake yi a wurin. Warware shi a hankali, in za ka naɗe ragowar ka yi da'ira mai faɗi kamar bakin kwano. Kuma in ka zare koren kan kebul ɗin da ke shiga modam kada ka leƙa cikinsa don ganin ko akwai haske, ido ba ya ganin irinsa amma yana yi wa ido illa. Kada kuma ka taɓa bakin da yatsa.

Mai Kafe Agege: Na janye kabad na warware shi. Yanzu -24.1 yake nunawa, ya tsaya cak, awa biyu babu yankewa. Amma inda ƙofar ta riƙa matsewa ya yi fari ya ɗan baje.

Injiniyan Ikeja: Wurin ya ji ciwo, zai iya karyewa kowane lokaci. Guntun kebul ne da ake sauyawa, muna da shi a nan Computer Village, ka ce mai koren kai a duka ɓangarorin, kada a ba ka shuɗi don bakinsu ba iri ɗaya aka goge ba. Kafin ka taho duba ɗayan ƙarshen, cikin ɗan farin akwati yake shiga da irin wannan kan, ko haɗe yake da na waje kai tsaye? In haɗe yake kada ka saya, aikin masu injin haɗa faiba ne, sai ka tura wa kamfanin hoton -29 ɗin tare da hoton wurin.

Mai Kafe Agege: Akwai ɗan farin akwati, koren kai ne a ciki. Gobe in Allah ya kai mu zan shigo jirgin ƙasa daga Agege zuwa Ikeja da safe. Mita nawa zan ce, biyu ko uku?

Injiniyan Ikeja: Uku, ka zagaya da shi ta saman kabad. Ka kira ni in ka sauka, kada ka tsaya wajen yaran bakin gada.